Kayan Bukkar Agana

An kai ni gidan miji a wani ƙauye da ke kusa da Ƙarfi, tun kafin zuwan Nasara da shekaru masu yawa, zamanin da manomi ke tafiya gona da kwari da baka a rataye saboda mahara. Ni 'yar Gozaki ce. Gidan da na tarar gidan gandu ne. Wan mijina shi ne maigida tun bayan rasuwar mahaifinsu, sai mijina, sai mu mata da yara, sai kuma uwarsu, wadda kowa ke kira Inna, har maƙwabta da masu wucewa.

Inna gajeruwar mace ce, baƙa, fuskarta duk zanen agana. Ciwon ya kama ta tun tana yarinya, ya bar mata ramuka a kumatu da goshi, ya kuma rage mata ganin ido ɗaya. Ba ta da yawan magana, kuma ban taɓa ganin hannunta a zaune ba. In ba kaɗi take yi ba, to tana tsinar wake, ko tana gyaran bakin faifai.

A gidan nan ba a cewa abu ya gama amfani sai Inna ta juya shi ta duba. Sharar safe da ta yamma, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da tokar murhu bayan an tace ruwanta, duk juji suke tafiya, can bayan turken dabbobi. In bazara ta yi, maza su farfasa jujin da garma, su loda wa jakuna a mangala, a kai gona. Ƙwarya in ta tsage sai ta jira gyartai mai ɗinkin ƙwarya, wanda kan zagayo bayan kaka. In ta fi ƙarfin ɗinki ta zama mara ko sakaina. Ban daɗe da zuwa ba tulu ya suɓuce mini a bakin rijiya. Na tattaro gutsattsarin a zane ina tunanin inda zan zubar, sai Inna ta karɓa ta zauna tana warewa kamar mai zaɓen iri. Gindin ya zama kaskon ruwan kaji, wani gefe mai faɗi ya koma na ɗauko wuta daga maƙwabta, ƙananan tsingaro kuma ta ajiye wa mata masu ginin tukwane, su da ke niƙawa su cuɗa da yumɓu. Ko ƙashin naman salla ba ya tsira a hannunta. Ƙona shi take yi ta daka, ya zama allin da muke shafa wa yatsu wajen kaɗi.

Duk da haka akwai abin da ba ya komawa ko'ina. Gashin da aka taje da farcen da aka yanke, binne su ake yi a gindin katanga. Takarda mai rubutu in ta yage, liman ake kai wa. Dabba in ta mutu mushe, samari su ɗaura mata igiya su ja ta daji, ungulu da kura su ƙarasa. Sauran tarkace kuwa, irin ruɓaɓɓiyar tabarma da fasasshiyar kwalba da duk abin da zai iya yanke ƙafar manomi in ya shiga taki, kududdufi ake kai su, wani babban rami a bayan gari inda ake ɗiban ƙasar gini. Da damina ya cika ya batse, yara su yi ta iyo a ciki. Da rani ya janye, sai ɗan ruwa kore a tsakiya.

A bakin kududdufin nan akwai wani tsoho da ke zaune shi kaɗai a bukka. Daga arewa ya zo, bayan mahara sun ƙone garinsu sun kwashe iyalinsa. Ba ya roƙo, ba ya shiga gidan kowa. Igiyar rama yake tuƙawa, yara kan kewaye shi suna kallo yana ba su labari. Rigarsa duk faci ce, tsumma kan tsumma, shi da kansa yake ɗinkawa. Inna ta san ba zai karɓi sadaka hannu da hannu ba, don haka in zane ya tsufa har ya wuce yin gammo, sai ta wanke shi ta rataya a kan dangar bayan gida. Tsohon ya biyo da safe ya ɗauka. Wani lokaci mu tarar da sabuwar igiyar akuya a rataye a wurin. Shekara da shekaru suna haka, ban taɓa jin sun yi maganar ba.

'Yata ta fari tana famfarar haƙoran gaba a shekarar da agana ta shigo ƙauyenmu. Da bazara ne, ana tsananin zafi, ni kuma ina goyon ƙaninta. Mutane ba sa son kiran sunan ciwon, sai dai su ce 'yan rani sun sauka a gidan wane. Yarinyar ta wuni da zazzaɓi, tana cewa kanta da bayanta. Aka jiƙa mata tsamiya, bai sauka ba. Da ƙuraje suka fara fesowa a goshinta, Inna ta jawo ta cikin haske, ta buɗe bakinta ta leƙa, ta daɗe tana duba tafin hannunta. Daga nan ta aika aka kira 'ya'yanta maza daga inuwar zaure.

Ta sa mijina ya kafa bukkar kara a can ƙarshen gida, bayan rumbuna, jikin dangar baya. Kafin la'asar an gama. Ta ɗauki yarinyar a kafaɗa, ta ɗauki tabarma da tulu ɗaya. Na biyo su, sai ta juyo ta tare ni.

Ta ce, "Tsaya nan, 'yar nan. Ni ciwon nan ya gama da ni tun ina ƙarama, ba ya komawa inda ya taɓa sauka. Ke kina da goyo."

Na tsaya. Wanda bai san zamanin ba zai yi mamaki, amma a lokacin uwa ba ta nuna damuwa a kan 'yar fari. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban manya, tun da aka yaye ta ma a ɗakin Inna take kwana. Saboda haka ko kuka ban samu damar yi a fili ba. Abin da na yi shi ne na janye turmina na kai shi bayan rumbu, inda nake iya jiyo motsin bukkar. Kowa a gidan ya ga na canza wurin daka, ba wanda ya tanka.

Inna ta ajiye wani faffaɗan dutse tsakanin rumbu da bukka, ta ce nan ne iyaka. In na dama kunu sai in zuba a sakaina in ɗora a kan dutsen in ja da baya, ita kuma ta fito ta ɗauka. Duk abin da ya ƙetare dutsen ba ya dawowa. Tarin sakainu da kasake da take ajiyewa a bayan ɗakinta, waɗanda mu matan gida muke yi wa dariya a ɓoye, su muka yi ta ɗiba har suka kusa ƙarewa. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta ji labari. Ba ta daina zuwa ba, sai dai ta tsaya a gindin tsamiyar ƙofar gida ta juye mana a ƙwaryarmu, ta ce a ba yarinya mai tsami, shi ke sanyaya baki.

Ciwon ya yi tsanani. Ƙurajen suka cika da ruwa, suka haɗe da juna. Daga inda nake daka ina jin nishinta, wani lokaci ta yi ta sambatu tana kiran akuyarta. A cikin gari kuma an fara fita da gawa, yawanci yara. Gidan maƙeri sun rasa biyu.

Wata rana da hantsi ina surfe, sai na ji Inna ta kira ni daga bakin bukka. Ta ce in shiga ɗakinta, in jawo adudun da ke ƙarƙashin gado, in kawo mata farin da ke ciki.

Na san farin nan, kowa a gidan ya san shi. Likkafaninta ne. Ita ta kaɗa zarensa da hannunta, siriri kamar gashi, ta yi shekaru tana tarawa, sannan ta ba wani masaƙi mutumin Maska ya saƙa mata. Ta wanke shi, an buge shi har ya yi laushi, ta naɗe da ganyen ƙamshi ta ajiye. Takan fito da shi sau ɗaya a shekara ta shanya, ta mayar.

Taɓaryar ta faɗi daga hannuna. Ban san yadda na isa ɗakin ba. Na ɗauko shi na rungume, ina tafiya ina ta salati a zuci. A raina na gama yanke cewa yarinyar ta cika, ko tana kan hanya. Da na iso dutsen na kasa sunkuyawa in ajiye. Inna ta dubi fuskata da idonta mai lafiya, nan take ta gane.

Ta ce, "Ba abin da kike zato ba ne. Tana nan da ranta. Zanen da take kai ne yake ɗaye mata fata in na juya ta. Wannan ya fi laushi."

Na durƙushe a wurin. Ta bar ni na ɗan jima, sannan ta ce in ajiye in koma, yaro yana kuka a bayana. Sai a lokacin na ji kukan nasa.

Allah Ya taimake mu. Bayan wasu kwanaki ƙurajen suka fara bushewa, suka yi ɓawo, ɓawon ya fara zuba. Ranar da na ji muryarta tana gardama da Inna, wai ita ta gaji da kunu, kwaɗon ƙanzo take so, na koma madafi na yi dariya ni kaɗai har facalata, matar wan mijina, ta leƙo ta ga ko lafiya. Inna ba ta fito da ita ba sai da ɓawo na ƙarshe ya faɗi daga tafin ƙafarta.

Daga nan aka shiga maganar kayan bukka. Wan mijina mutum ne mai lissafin gida, bai son asara. Ya tsaya daga wannan gefe na dutsen, Inna tana can gefe, ya ce tabarma da sakainu da tsummoki a kwashe a kai kududdufi kamar yadda aka saba. Amma farin nan a kai rafi a wanke shi da toka a shanya, rana za ta cinye koma mene ne. Ya tuna mata shekarun da ta yi tana kaɗinsa, da cewa idonta yanzu ba zai iya irin wannan zaren ba. A ƙarshe ya sassauta murya ya tambaye ta, in ta Allah ta kasance, da me za su suturta ta.

Ni kaina na ga gaskiyarsa. Na kuma zaci Inna, wadda ba ta yarda a yar da ko marfin tukunya, za ta amince. Sai ta ba shi labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce a garinsu, da yayarta ta rasu da wannan ciwon, an wanke tabarmarta da gwadonta aka ba da su sadaka ga wata mata mai 'ya'ya. Wata bai cika ba ciwon ya sauka a gidan matar. Ta ce rafi mutane ke sha. Kududdufi kuma ruwan farko yana sauka yara za su faɗa ciki, ga tsoho a bakinsa yana tsintar duk abin da aka zubar. Juji ma ba ta yarda ba, tunda gona zai tafi, hannun mutane ne zai watsa shi. Ta ce wuta za a sa wa komai, abin da wuta ta bari a rufe shi a rami mai zurfi.

Wan mijina ya ce to, yadda ta ce haka za a yi. Amma ya juya ya tafi zaure, an ga ransa bai so ba.

Washegari da sassafe mijina ya ɗauki dagi ya fita gayaunar da ke bayan danga. Ƙasar bazara ta bushe kamar dutse, sai da ya yi ta zuba ruwa yana jira ya tsuma kafin ya ci gaba. Inna kuma ta fito da kayan bukkar ta tara a waje. Awakinmu suka fara zagayowa suna sunsuna, akuya kuwa ba ta ƙyale tufa. Sai ta naɗe farin ta ɗora a saman danga inda bakinsu ba zai kai ba, ta koma bayan bukka don ta aske wa yarinyar kai ta yi mata wanka.

Da ta dawo babu farin. A wurin da ta ɗora shi, sabuwar igiya ce a rataye.

Ba ta yi ihu ba. Ta kira mijina, ya fito daga rami jikinsa duk ƙasa, ta nuna masa igiyar. Ta ture kara ta fita ta bayan danga, don ba ta son ratsa cikin gari da tufafin jinya a jikinta. Mijina ya bi ta. Ni ma na kwance goyo na miƙa wa facalata, na bi su daga nesa, ban tambayi kowa ba.

Mun same shi a ƙofar bukkarsa. Ya warware farin a kan cinyarsa yana shafawa da tafin hannu, ga kaskon ruwa a gefensa, da alama wanki yake shirin yi. Allah Ya sa babu yaro ko ɗaya a wurin. Da ya ga Inna ya yi yunƙurin tashi, fuskarsa a sake, irin sakin da ban taɓa gani a gare shi ba.

Ya ce, "Baiwar Allah, na gane ko mene ne. Na ce ashe kin tuna ba ni da mai yi mini sutura."

Inna ta tsuguna nesa kaɗan da shi. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi kwanansa, sannan ta gaya masa gaskiya: inda farin ya kwana, da wadda ta kwanta a kai, da dalilin da ya sa ta ɗora shi a danga. Ta ba shi haƙuri, ta ce ƙone shi za a yi.

Tsohon bai saki ba. Ya ƙara jawo shi jikinsa. Ya ce shi a shekarunsa agana da tari duk ɗaya ne, wanda ya riga zuwa shi ne nasa. Ya ce ya ga yadda ake binne baƙo a tabarma, shi kuma abin da ya rage masa a duniya ke nan da yake tsoro. Mijina ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsan ƙafa.

Inna ta ce, "Malam, ba kai kaɗai ba ne. Yaran da ke zama a gabanka kana tuƙa igiya fa?"

Hannunsa ya daina shafa farin, amma bai ɗauke shi ba. Ni ba al'adata ba ce in yi magana a gaban surukata da maza, ban ma san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ni zan kaɗa maka wani. In Allah Ya kai mu kaka aka tsinci auduga, da shi zan fara."

Ya ɗaga kai ya dube ni, ya tambayi Inna ko ni ce uwar yarinyar. Ta ce ni ce. Ya tambaya ko yarinyar ta tashi, aka ce ta tashi. Ya yi hamdala, ya naɗe farin a hankali kamar yadda ya same shi, ya miƙa wa Inna da hannu biyu.

Saura rigarsa. Inna ta ce ita ma ta taɓa farin, ba za a bar ta ba. Wannan ya fi yi masa wuya, don ba shi da wata. Mijina riga biyu gare shi a duniya, ta aiki da ta Juma'a. Bai yi shawara da kowa ba, ya ruga gida ya dawo da ta Juma'ar. Inna ta sa tsohon ya shiga bukka ya cuɗe jikinsa da toka da ruwan zafi, ya miƙo tsohuwar rigar a kan sanda. Da rigar ta wuce ta gabana na ga wani facin shuɗi a kafaɗarta, na gane shi. Gefen zanen da aka kawo ni da shi ne daga Gozaki.

Kafin azahar ramin ya kai wa mijina ƙirji. Inna ta jira iska ta juya tana kaɗawa daji, sannan ta fara. Ta shimfiɗa kara a ƙasa, ta jefa tabarma da gadon kara da tsummoki da sakainu, da gashin da ta aske. Ta share ɓawon da ya zuba a bukkar tas, ta kankare ƙasar daɓen da fartanya ta kwashe, ta haɗa da tsintsiyar ta jefa. Bukkar kanta ta tuge ta kara bayan kara. Tulu da kasake, da yake wuta ba ta cin su, ta farfasa su da dutse don kada wani ya tono ya yi sha'awa. Rigar tsoho ta bi. Farin ne na ƙarshe. Ta riƙe shi kaɗan, ta gyara naɗinsa, ta sunkuya ta ajiye shi a sama, ba ta jefa ba.

Na kawo garwashi a kasko na ɗora a kan dutse, ta ɗauka ta juye, ta bi da kaskon. Wutar ta kama da sauri saboda bushewar kara. Muka tsaya daga nesa muna kallo. Inna tana tsaye ita kaɗai a bakin ramin da doguwar sanda, tana tura abin da ya nemi zamewa. Ban ga ta share ido ba, ko da yake hayaƙin ya isa ya sa kowa hawaye. Da wutar ta lafa, ta shiga bayan zana ta tuɓe tufafinta ta wullo su cikin garwashin, ta yi wanka. Na miƙa mata zanena ta saman zanar.

Ana cikin haka sai ga wan mijina da garma a kafaɗa. Ya kama turo ƙasa tare da ƙaninsa. Suka cika ramin suka daddanne, suka jera duwatsu, suka sare ƙayar bagaruwa suka lulluɓe saboda karnuka da kura. Shi ne ma ya ce kada a shuka komai a wurin a daminar nan.

Sai bayan an gama duk wannan Inna ta kamo hannun yarinyar ta ƙetaro da ita dutsen. Ta rame, kanta a aske, fuskarta da hannuwanta duk tabo jajaye. Tana tafiya tana ɗaga ƙafa kamar mai koyon tafiya. Matan gida suna tsaye, maza ma ba su watse ba. Na sunkuyar da kai, kamar yadda aka san uwar 'yar fari za ta yi. Inna ta dubi jama'ar, ta ce wa 'ya'yanta su je su wanke ƙasar jikinsu, ta aiki facalata ta dubo mata wani abu a ɗaki, ta kora yara. Ita kuma ta juya mana baya, ta hau gyaran dangar da ta ture da safe, ta daɗe tana gyara abin da bai kai a daɗe a kansa ba. Na jawo 'yata na rungume ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta ce mini a kunne wai Inna ta hana ta susa, har ɗaure mata hannu ta yi da tsumma.

Hankalinmu bai kwanta ba sai da muka ga yadda tsohon zai kasance. Kullum mijina ya bi ta bakin kududdufi ya gaishe shi, ya dawo ya ce yana nan yana tuƙa igiya. Inna ta roƙi tsohon ya kori yara daga gabansa har wata ya juya, ya kuwa kore su, suna ta mamakin abin da suka yi masa. Ciwon bai kama shi ba. A gidanmu ma bai ƙara taɓa kowa ba. Da ruwa ya sauka sosai, sai ciwon ya ɗauke daga garin gaba ɗaya.

Da aka tsinci auduga, wan mijina da kansa ya ware mini kaso daga ta gandu, ya ce a zaɓa mini mai tsawon gashi. Na gurza, na shiɓe, na kama kaɗi. Na so in fara da likkafanin Inna, in yi na tsoho daga baya, amma ta ce alkawari na ɗauka a gaban mutum, kuma shi ba shi da kowa, ita kuwa tana da mu. Zarena bai kai nata sirantaka ba. Takan karɓi mazarin ta murza zaren a yatsa, wani ta ce ya yi, wani ta sa in warware. Facalata ta shigo cikin aikin, daga baya har matan maƙwabta suka riƙa kawo abin da suka kaɗa. Kafin bazara ta zagayo an saƙa na tsoho. Mijina ne ya kai masa, ya ce da ya karɓa sai addu'a yake ta yi ƙasa ƙasa. Ya ƙara damina biyu a duniya. Da ya rasu, mijina da wansa suka wanke shi, liman ya sallace shi, mutanen gari suka raka shi kamar ɗan gari.

Na Inna ya ɗauke ni lokaci mai tsawo, don na nace sai ya yi kusa da na farko. Bai yi ba, ita ma ta faɗa, amma ta karɓa ta sa a adudu. Ta rayu har ta ga auren yarinyar nan. Wani manomi mutumin Kafur ya aure ta, bai damu da zanen fuskarta ba, suka haifi 'ya'ya, yanzu ita ma tana da jikoki. Lokacin da Inna ta kwanta ciwon ajali aka aika mata, ta taho a ƙafa da tsohon ciki, ta zauna a ɗakin tana juya ta, tana ba ta kunu da ludayi. Da Inna ta cika, 'yata ce ta roƙa a bar ta cikin masu wanka, aka bar ta.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya jiƙan tsohon nan da mijina da wansa, Ya sa sun huta.